Buhu Biyu na Riɗi

Damina uku ina rubuta shi
a littattafan makaranta masu shuɗin layi,
guda bakwai, na ɗinke su da zaren buhu.
Na huɗun gara ta ɗanɗana,
ta cinye mini babi guda da rabin mutum.
Na sake haifar sa, ya fito da wani hali daban.

Malam Haladu na firamaren Harbo ya fara dubawa,
a gindin tsamiya, da jan biro.
Ya ce, "Nan kirari kake yi wa kanka. Cire."
Na yi fushi kwana tara.
Ran na goma na cire.

Na aika wa wani kamfani a birni
ta hannun direban da ke lodin kankana.
Kankana ta je, ta ƙare, wata ta nuna,
amsa shiru.
Da na bi sawu, maigadi ya ce
mai duba rubutu ya bar aiki tun bara,
ga kwali can, in nemi nawa.
Na tono shi ƙarƙashin na mutum goma sha wani abu,
ƙullin zarena ko taɓa shi ba a yi ba.

Sai na kai buhu biyu na riɗi kasuwar Gujungu.
Ladidi ta cika da kuɗin adashinta,
ta ce, "Ba kyauta ba ce. Wannan ma rubuta shi."

A Dutse wani yaro, Tasi'u,
ya buga mini a na'ura, yana ɓare gyaɗa da hannu ɗaya.
Na'urarsa ba ta san lanƙwasa ba:
baƙin da na sauke a zaure suka zama baki,
ƙasar ubana ta koma kasa,
ƙurar da ta tashi bayan garke ta zama kura.
Dare huɗu ina gefensa,
ina mayar wa haruffa ƙugiyoyinsu
kamar mai ɗaura fatsa.

Maɗaba'a kuwa wani lungu ne a Fagge,
ƙara kamar injin niƙa.
Alhaji Mudi bai karanta ko layi ba.
Ya auna kaurin da yatsa biyu:
"Farar takarda ko ta jarida? Dubu ko ɗari biyar?"
Na ce ta jarida, ɗari uku.
Ya ce bango ba ya tafiya sai da mota.
Na ce labarin ambaliya ne da wani mai fito.
Muka daidaita a kan kwalekwale,
mai zane ya kawo jirgin teku.

An ɗauke wuta mako biyu, takarda ta tashi,
na cike da kuɗin taki.

Ran da na kwaso su, ɗauri shida,
na biya musu kujera a mota kamar mutum.
Mai shagon littattafai ya karɓi hamsin,
"sai an sayar."
Har yau ana sayarwa.

Inna Uwale ba ta karatun boko.
Ta juya shi, ta sunsuna,
ta ce, "Warin kananzir. Riɗin ke nan?"
Na nuna mata sunan mahaifina a bango, bayan nawa.
Ta ɗora yatsa a wurin, ta daɗe,
sannan ta sa shi cikin kwalla, tare da takardar gona.

Sauran suna ɗaki, kan tubali huɗu, saboda gara.

Jiya bayan magariba wani ɗan acaɓa daga Aujara ya yi sallama.
Wai yana karanta wa 'yan majalisarsu,
sun kai shafi na tamanin,
daga nan nasa fari fat, injin ya tsallake,
mutum shida sun hana shi sakat:
mai fiton nan, ya haye ko ya nutse?

Na shiga, na zaro masa wani,
na haska fitila, na tabbatar da tamanin da ɗaya.
Daga madafi Ladidi ta ce,
"Ya biya?"